Allurar Motar Yaya

A layinmu Direba ake ce mata, ni kuwa Yaya nake ce mata, don ita nake bi. Da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da wata tsohuwar mota mai shan dizal, wadda in ta tashi sai tagogin maƙwabta sun yi rawa. Kowa ya ce ta sayar. Yaya ta yi kunnen uwar shegu, ta koyi tuƙi, ta shiga kai yaran unguwa makaranta tana ɗauko su. Da wannan motar ta riƙe gidanta, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa da ƙoƙon bara ba.

Ba ta san inji ba, amma ta san motarta. Kullum da safe sai ta ɗaga bonet, ta buɗe murfin lagireto ta leƙa ruwa, ta zaro sandar baƙin mai ta goge da tsumma. Abu ɗaya marigayin ya taɓa gaya mata wanda ta riƙe gam: in allurar zafi ta kai ja, a kashe mota.

To, sai allurar ta fara kaiwa ja. Yaya ta riƙa tsayawa a gefen titi da yara cike da mota, tana jira injin ya huce, tana ɗura ruwa daga jarka a lagireton da bai ma sha na jiya ba. Yara suka riƙa makara. Masu wayon cikinsu suka kai labari gida cewa motar Anti za ta kama da wuta.

Ƙanin mijinta bakanike ne, garejinsa na bayan kasuwa, ƙasar wurin duk ta yi baƙi da mai. Tun tana amarya yake tsokanarta, ba ya magana da ita sai da dariya. Ko ranar da aka raba gado sai da ya ce, "Matar yaya, ki lallaɓa min motata kafin in zo in karɓa." Aka yi dariya, har da ni sakarya.

Wurinsa ta kai motar. Ya canza murfin lagireto, ya ɗaure bel ɗin fanka, ya wanke lagireton har ruwan tsatsa ya malale a tsakar garejin. Allura dai tana ja.

"Ni fa abin da ke ɗaure min kai," in ji Yaya, "da na murza makulli take hayewa, tun injin bai tashi ba. Kuma in na taɓa tiyon, ɗumi kawai nake ji."

Ya kwashe da dariya. "Matar yaya ta zama injiniya! Zo ki karɓi sifana, ni in koma kicin."

Ina wurin. Na ga yadda kunya ta rufe ta, ta gyara mayafi. Daga nan ya ɗaure fuska, ya ce gaskit ya ƙone, kan injin ya tsage, kuma wata rana zai yi bindiga da 'ya'yan mutane a ciki.

Wannan maganar ce ta karya ta. Yaya za ta iya jure yunwa, amma ba za ta iya ɗaukar alhakin ɗan wani ba. Da ƙafarta ta bi gida gida tana ba iyaye haƙuri. Ta miƙa wa ƙanin mijin nata makulli ta ce ya kwance abin da zai moru. Har godiya ta yi masa, wallahi, don ya rufa mata asiri bai bari ta yi kisan kai ba.

Ta koma wanki da guga a gidajen da a da take yi wa hon a ƙofa. Hannun da ya saba da sitiyari ya tsattsage da omo.

Ba a daɗe ba, muna tafe da ƙullin wanki a ka, sai muka ji wannan ƙarar da ko a mafarki mun san ta. Ƙanin mijin nata ne ya tsaya da motar a gabanmu, bayan motar cike da yaran nan dai nata, suna ihun "Anti! Anti!"

"Matar yaya, shigo in rage miki hanya."

Na ja hannunta, amma ta leƙa ta taga. Allurar na zaune a tsakiya, lafiya lau.

"Ka sa sabon inji ne?" ta tambaya.

"Wane inji? Ashe wayar allurar ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Salatif kawai na naɗa mata." Ya yi dariyar nan tasa. "Ai kin kusa ganewa, injiniya."

Ni na zage shi, tas, a gaban yara, kuma ban yi nadama ba. Dangi suka ce na cika zafi, ai wasa ne tsakaninsu tun fil azal. Yaya kuwa ta dubi ɗan ƙaramin da ya leƙo da kai da hannu, ta ce masa ya mayar da hannunsa ciki, don ƙofar bayan ba ta kulluwa sosai. Sannan ta gyara ƙullin wankinta muka wuce.