Saveta da Kyarketan Runku

Saveta ta kai shekara hamsin da takwas ba ta taɓa ganin kyarkeci da idonta ba. A ƙauyensu na Runku, can cikin duwatsun Romaniya, an gama da su da guba da tarko tun tana goye, sai labarinsu a bakin tsofaffi. Abokan gabarta aladun daji ne. Kowace shekara sai ta shuka dankali a gangaren bayan gida, kowace shekara sai su tone rabinsa. Ta kafa shinge sun ture, ta rataya gwangwanaye sun saba da ƙarar. Mijinta ya rasu da wuri, 'ya'yanta mata biyu sun tafi Italiya neman aiki, ita kuwa ta ce ba inda za ta je ta bar tumakinta goma sha huɗu.

Ƙaninta Toader shi ne maharbin ƙauyen, gajere mai gashin baki, wanda bakinsa ya fi bindigarsa aiki. Duk ranar Lahadi in an taso daga coci sai ya biyo ta gidanta, ya cinye mata tuwon masara da cuku, ya yi alkawarin zai gama da aladun nan, ya share baki ya tafi.

Da matasa suka watse, gonakin sama suka koma kurmi, sai kyarketai suka dawo. Wata rana da tsakar rana Saveta tana yankan ciyawa, ta ji garke ya watse. Kafin ta hau tudu an ja mata Bela, farar tunkiyar da ta shayar da kwalba tun tana 'yar jaririya. Gashi kawai ta tarar da jini a kan duwatsu. Ba ta koma gida ba, da laujenta a hannu ta wuce gidan Toader.

"Tashi ka ɗauko bindigar nan."

"Yaya, ai an hana harbin kyarkeci. Sai da takardar hukuma."

"Hukumar ce ta ba Bela madara? Shekara talatin kana cika mana baki, yau ga ranarka ta zo, ka ce takarda!"

Toader ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin ta lura da igiyar da ke ƙofa ba kare a jikinta. Ashe tun shekaranjiya sun cinye masa karen farautarsa a kurmi, kunya ta hana shi faɗa. Saveta ta ajiye lauje, ta zauna kusa da shi a kan benci.

Cikin makon nan ta hau motar safa ta tsallaka dutse, wurin wani makiyayi da aka ce yana da manyan karnukan garke. Ta dawo da 'yan kwikwiyo biyu a cikin kwando, ta rufe su da mayafi, tana tari da ƙarfi duk lokacin da suka yi kuka don kada direba ya ji. Ta raɗa musu Ursu da Molda, ta kwantar da su a garke cikin tumaki. Kafin su girma an ƙara ɗauke mata tumaki uku. Da karnukan suka kai girman maraƙi, aka daina.

A kaka ta biyu wani abu ya faru da ba wanda ya zata. Saveta ta tone dankalinta cif, ba ko rami ɗaya na alade. Ta cika rumbun ƙasa, ta rarraba wa maƙwabta, har da limamin coci. Toader kuwa ya zo ranar Lahadi fuska a murtuke.

"Kwana uku muna yawo a kurmi, mu shida, ko wutsiyar alade ba mu gani ba. Barewa ma ta yi wayo, ba ta tsayawa a fili. Waɗannan 'yan iskan kyarketan sun cinye mana daji."

"To ka ci dankali," in ji Saveta, ta tura masa kwano. "Aikin da ka kasa shekara talatin, sun yi shi a shekara biyu, kuma ba su ci mini cuku ba."

"Sun dai ci miki tumaki huɗu."

"Ban manta ba. Ban kuma yafe ba. Ci abincinka."

Haka ta zauna da kyarketan, ba ƙauna ba sulhu. In mutanen gandun daji suka zo da takardunsu suna tambaya ko tana so a rage kyarketai, sai ta ce a rage wanda ya ci Bela, a bar sauran.

Tana da shekara sittin da bakwai, wata safiya cikin hunturu, ta hau wurin maɓuɓɓuga don ta fasa ƙanƙara tumaki su sha. Santsi ya kwashe ta, ƙafarta ta karye a ƙasan gwiwa. Ta yi kira har muryarta ta dushe, ba kowa. Molda ta zo ta kwanta a jikinta tana ɗumama ta, Ursu ya tsaya a gaba yana gurnani, gashin wuyansa a tsaye. Can bakin itatuwa Saveta ta hango kyarketai, su biyu, masu launin toka, suna zaune suna kallo. Tsoro ya kama ta, amma bakinta bai mutu ba.

"Ku wuce ku ba ni wuri," ta ce musu. "Tsohuwa ce, ba abin da za ku samu sai ƙashi."

Wajen la'asar Toader ya ga tumaki sun sauko su kaɗai, ya bi sawu da gudu. Da ya iso ya ga sawun kyarketai ya kewaye wurin, taku ashirin tsakaninsu da ita, sai ya durƙusa yana kuka kamar yaro.

"Kai dalla share hancinka ka ɗauke ni," in ji ta. "Sanyi nake ji."

A bayansa ya sauko da ita, yana haki tana yi masa faɗan ya cika jijjiga.

Da ta fito daga asibiti 'ya'yanta suka taru a kanta, suka tafi da ita Italiya. Sati biyar ta yi. Ta ce gidan sama ne, taga ba ta kallon komai sai wata tagar, burodinsu kuma iska ce zalla. Ranar da ta dawo, Ursu ya kusa kayar da ita don murna.

Yanzu tumakinta shida, tana tafiya da sanda. Toader ne ke kai su tudu da safe, yana mita tun daga ƙofa, ita kuma tana zaune a bakin shinge tana ƙwala masa kira ya bi ta gefen rafi, can ciyawa ta fi kyau.