Yaya Ɗanladi da Gansakukar Tafki

Bana shekara ashirin ke nan da ruwa ya ci yayana Ɗanladi, kuma har yau in na ga gansakuka a jikin randa sai gabana ya faɗi.

Fataucin goro muke yi daga Zangon Ankara, can kudu a bakin teku, zuwa ƙasar Asante. A waccan shekarar tafasasshen manja ya zubo wa 'yarsa Hajara a ƙafa tana rarrafe, ƙunar ta ƙi warkewa. Wani mai magani ya ce sai an samo gansakukar da ke tsirowa can ƙasan tafki mai zurfi, inda rana ba ta kaiwa sosai. Shi ya sa muka ratse zuwa tafkin Bosomtwe.

Masuntan wurin, waɗanda a kan gungumen itace suke shiga ruwa, suka ce wa Ɗanladi ya kwance gurun da ke ƙugunsa, don ƙasan cike yake da matattun itatuwa. Ya yi dariya.

"In shiga ruwan da ban sani ba, babu tsari? Inna ce fa ta ɗaura mini."

Mai rabon shan duka ba ya jin bari. Ya nutse, ya fito da dunƙule ɗaya, kore shar, mai laushi kamar auduga. Ya miƙa mini ya ce ba zai isa ba, ya koma. Masuntan da suka bi bayansa sun ce gurun ne ya sarƙafe a reshe, a zurfin da numfashinsu bai kai ba. Sallar gawa muka yi babu gawa.

Yanzu jirgin ƙasa ya kai Kumasi, babban birnin Asante, tafiyar da ta cinye mana ƙafafu ta zama zaman kujera. Da yana nan, na san zai ce ragwaye sun sami jaki. Ina kewar bakin nan nasa.

Hajara ta warke. Ko gansakukar ce, ko lokaci ne ya yi, Allah ne masani. Tana ɗan ɗingishi, 'ya'yanta uku, kuma dariyar ubanta ce a bakinta. Abin da ya rage mana ke nan.

Ranar sallar bana, da mutane suka nufi maƙabarta ziyara, ta tsaya a ƙofar gida da yaranta.

"Baffa, mu ina za mu tsaya mu yi masa addu'a?"

Na ɗaga hannu na nuna mata arewa, inda tafkin yake.