Ranar da Muka Wanke Inna da Ranta

Wata huɗu na yi a ƙauyen, alhali da niyyar mako biyu na je. Shekarar da amai da gudawa ya shiga Bahiya ne, ƙasar hayin teku da aka kai mu bauta. Ina tuyar ƙosai a unguwar Barokinya cikin birni, ban daɗe da fansar kaina ba, sai wani mai kwalekwale da ke sayen ƙosaina ya ce a ƙauyensu, can hayin ruwa, an rasa mai miƙa wa mara lafiya ko da ruwa. Ba wanda ya aike ni. Na kife kaskona na bi shi.

Mutanen ƙauyen masunta ne da masu tuyar garin rogo. Na yi jinya, na dama kunu, na yi musu faɗan tsabta har muryata ta dushe. Da cutar ta lafa ya kamata in koma, amma wata tsohuwa ta riƙe ni.

Ranar da na fara shiga bukkarta na yi tuntuɓe da turmi, na ce, "Wayyo ƙafata." Sai na ji daga kan tabarma an ce, "Sannu." Tun rasuwar mijinta ba ta ƙara jin Hausa a bakin kowa ba. Daga ranar nake ce mata Inna. Kullum da hantsi muna tsintar wake, tana kushe ƙosaina, wai manja ya yi yawa, tana kuma cinye shi tas.

'Ya ɗaya gare ta, haifaffiyar can, mai gicciye a wuya, Fotugis kawai take ji. Mace ce mai kirki, ita ke ci da uwar. Amma da na ce wa Inna ranar Asabar zan tafi, sai ta ajiye waken.

"'Yar nan, kin ga yadda suke yi wa matattunsu. Riga mai ado za su sa mini, su haɗe mini hannuwa a ƙirji, su kunna kyandir. Wa zai wanke ni?"

Na ce zan koya wa 'yarta. 'Yar ta ƙi fur, wai wanke mai rai kamar gawa kiran mutuwa ne. Ni kuwa bakina ba ya da linzami. Na ce mata uwar da ta goya ta a gonar rake ba ta cancanci ƙwaryar ruwa ɗaya ba ke nan? Ta juya mini baya. Kwana biyu ba ta gaishe ni ba, na kuwa ji kunyar maganata.

Safiyar Asabar na ɗaure kayana, mai kwalekwale yana jiran ruwa ya ciko. Sai ga 'yar Inna da tulu a ka da ƙwarya a hannu. Ba ta dube ni ba, ta ce in nuna mata.

Muka shimfiɗa tabarma a bayan bukka, muka kare da zane. Inna ta kwanta ta rufe ido, da murnarta kamar za a yi mata kitso. Na nuna yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, a fara da alwala, sannan ɓangaren dama, sannan hagu, sau uku. 'Yar ta ɗebo ruwa, ta fara da hagu.

"Dama," in ji Inna, ido a rufe.

"Inna, gawa ba ta magana."

"Wannan gawar tana yi. Kuma ruwan ya yi sanyi, ki gaya mata ta ɗumama."

Na fassara. 'Yar ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, amma ba ta saki ƙwaryar ba. Ta sake daga farko har sau biyu, tana maimaita kalmomin da Hausarta ta 'yan koyo: dama, hagu, uku. Da ta zo kan kai, ta warware kitson uwarta a hankali, ta wanke furfurar da tausayin da ni ban koya mata ba. Na nuna mata naɗin likkafani da farin alawayyon da Inna ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati. Sannan muka je gindin mangwaro inda Inna take so a binne ta, na kafa turke wajen fitowar rana, don a san inda za a juya fuskarta.

Inna ta ce sai ta raka ni, baƙo ba ya fita shi kaɗai. Da sanda, kanta bai gama bushewa ba, ta taka har bakin ruwa. Aka cika mini kwalekwale da garin rogo da busasshen kifi. Na durƙusa na ce ta yafe mini.

"Na yafe, har da manjan," in ji ta. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki. "Je ki, Allah ya kiyaye hanya. Ni dai na samu mai wanke ni. Ke fa, 'yar nan?"

Kwalekwale ya tashi da ni. Ban haihu ba, masu jin Hausa a Barokinya kuma kowace shekara raguwa muke yi. Na koma kan kaskona. Har yau in mace ta miƙo hannu karɓar ƙosai, sai in tsaya ina duban hannun.