Alfari Mai Lamba da Lemun Tsami

Alfari wanzami ne ɗan wanzami, kuma da an bar shi da askarsa da ƙahonsa a kasuwar Gaya, da ya tsufa cikin rufin asiri. Sai ga wani lokotoro, wato likitan Faransa, ya sauka a bakin kogin Isa da akwatin maganin agana, ya ce a nemo masa mai hannun tsaga. Gardi, dogarin Nasara, ya nuna Alfari. Ba wanda ya tambaye shi ko yana so.

Aikin lamba ba wuya: a ɗan tsaga dantse, a ɗiga magani, a bari ya bushe. Wuyar tana wurin iyaye mata. Da mai lamba ya juya baya sai su matse lemun tsami a kan tsagar, wai su kashe dafin Nasara tun bai shiga jini ba. Da Alfari ya gano haka, sai ya riƙa tsare su a inuwa har tsagar ta bushe. Zagi kam ya sha shi ya ƙoshi, daga Karakara har Zabori. Ƙafa ta tsattsage, abokan hira suka watse, masu aski ma suka koma wurin wani. Ya gaji, amma da gardi a bayansa ina zai ajiye?

Ajuma ce kaɗai ta rayu a cikin 'ya'yansa. Ita ma ya yi mata lamba a tsakar gida, gardi na ƙwala masa kira daga waje. Ya miƙa ta ga uwarta Bibata ya fita. Wa zai tsare matarsa a inuwa?

Shekarar da agana ta biyo masu kwale-kwale ta shigo Gaya, 'ya'yan matan da suka zage shi suna ta wasansu a bakin ruwa. Ajuma kuwa ta kwanta, ba ta tashi ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Bibata ta ce, "Maigida, kowa a unguwa yana matsa lemun, ni ma na matsa. Tsoro na ji mata."

 Alfari ya ci gaba da aikin har furfura ta rufe shi, ba ya shan kunun da aka sa wa lemu. In ya gama tsaga, uwa ta yunƙura za ta tashi, sai ya ce a hankali, "Zauna, 'yata. Bari ya bushe."