Ƙodar Mai Guga

Maƙwabciyata Mai Guga ba macen da za ka waiwaya ka sake kallo ba ce: gajera, kafaɗu kamar na ɗan dako, hannuwa duk sabulu ya cinye. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da shagonta, kuma bangon ba ya riƙe sirri, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Tun tana budurwa take wanki da guga. Ƙa'idarta guda ce: riga ba ta taɓa ruwa sai an zazzage kowane aljihu. Ta haka ta san asirin rabin mazan unguwa, amma ko ɗaya ba ta ba ni ba, duk roƙon da na yi. Da wannan sana'a ta raini ƙanenta, Auta, wanda uwarsu ta rasu ta bari yana rarrafe. Ta yi aure, auren ya mutu, Auta dai yana gindinta. Ya girma ya zama bakanike, ƙato, mai ɗaga bayan mota yana dariya. Nakan ce masa mijina, shi kuma ya ce ai ya sake ni tun ranar da haƙorana suka zube.

Sai ƙafafunsa suka fara kumbura, fitsarinsa yana kumfa kamar ruwan wankin yayarsa. Na raka su asibiti, don ba na son rabin labari. Likitar, wata 'yar siririya da na girmi uwarta, ta ce a cikin ƙoda akwai wasu ƙananan halittu, sojojin jiki, masu korar cuta. Na Auta sun rikice, sun juya kan matatar ƙodar da aka sa su tsaro har sun yayyaga ta.

Na ce, "Wato masu gadi ne suka fasa gidan?"

Ta ce, "Kusan haka ne, Gwaggo."

Na ce, "Na san irinsu. Na taɓa auren ɗaya."

Aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda. Ƙaton nan ya koma kamar rigar da aka matse. Mai Guga ta je aka gwada ta, aka ce tata za ta yi masa. Na ja ta gefe na ce, "Ke, don an ba ki biyu ba cewa aka yi ki yi rabo ba."

Ta ce, "Gwaggo, ni na goya shi. Me ya rage a jikina da bai ci ba?"

Aka yi aiki lafiya. Sharaɗin likita ɗaya ne: sojojin nan za su ga sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, su far mata, sai dai in ana shan maganin da ke kwantar da su, safe da yamma, har ƙarshen rai. Mai Guga ta ce ita za ta riƙe maganin. Kullum Auta ya biyo ta shago a hanyar gareji, ta zuba masa a tafin hannu, ta miƙa masa kofin ruwa. Ya kai hannu baki, ya kurɓa, ya ce, "Na gode, Yaya." In ya taso aiki, haka.

Ya murmure, har tumbi ya ajiye. Ita kuwa ta daina ɗaga babban baho ita kaɗai, don ɗinkin yana ja mata.

Ana nan sai zazzaɓi ya kama shi, wurin da aka yi masa aikin yana ciwo, fitsari ya ɗauke. Aka kwantar da shi. Matarsa, wadda ita ke masa wanki, ta koma jinya, sai ta ƙullo tufafinsa na gareji ta aiko wa yayar. Ina ɗaki na ji shagon ya yi tsit, ba ƙarar ruwa, ba ta dutsen guga. Na leƙa. Tana zaune a ƙasa, ga wanduna a zube, ga maganin a kan faranti, wani ya murmushe, wani ya yi baƙi da man inji. Ba aljihun da ba ta samu ƙwayoyin a ciki ba.

Likita ta tsakuro ɗan naman ƙodar da allura ta duba, ta ce sojoji sun cika ta maƙil. Aka gwada magani mai ƙarfi, amma an makara.

Mai Guga ta ajiye farantin a kan gadonsa. Ta ce, "Auta, a gabana kake kai hannu baki."

Ya ce, "Yaya, garau nake jin kaina. Kuma a gareji suna ta cewa maganin yana kashe garkuwar mutum, ko atishawa aka yi sai na kwanta. Har mai ƙodar mata suke ce mini. Shi ne wani ya kawo mini na ƙara ƙarfin garkuwa a kwalba."

Na ce, "Madalla. An ce ka kwantar da sojojin, ka je ka saya musu adduna."

Ita ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "'Yan garejin aka kwantar aka yanka? Da ka ce mini ba za ka sha ba, da mun yi faɗa. Amma ka karɓi ruwa a hannuna, ka dubi idona, ka yi mini godiya."

Ya yi kuka har gadon yana girgiza. Ta ɗauki gyalenta ta fita.

Yanzu ya koma kan inji, matarsa ke kai shi. Kwanan baya dangi suka cika mata shago, wai ta sa baki ɗan kawunsu ya je a gwada tasa ƙodar, tunda yaron yana jin maganarta. Ta ce za ta je, amma sai ta faɗa masa yadda tata ta ƙare, ba ragi. Suka ce ai wannan tonon asiri ne. Ta ce to su je da bakinsu. Ba wanda ya je.

Wani lokaci Auta yakan zo ya zauna a bencin ƙofar shago, hannu ɗaure da bandeji. Ba ta korarsa. Takan ɗago kai ta ce masa sannu, irin sannun da take yi wa masu kawo wanki.