Kumburin Fuska Na Mota Ne

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna, uwar mijina, ungozomar ƙauyenmu da ke gefen Gubuchi. Allah Ya jiƙanta. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan soya ƙosai in yi mata sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara, domin tambayoyi sun cika mini ciki, mai amsa su kuma tana ƙarƙashin ƙasa.

'Yata ce ta zo goyon ciki, yadda mai cikin fari ke komawa gaban iyayenta idan ya shiga wata bakwai. To, gaban wa? Ita ce ta fari a wurina. Ba na kama sunanta, ba na hira da ita, ko ido ba na yarda mu haɗa. Ga shi kuma sunan Inna aka sa mata, kunyar ta zama biyu. A da wannan bai dami kowa ba, don duba mai ciki aikin kaka ne. Da Inna na nan, da tuni ta kwantar da ita a tabarma, ta murza mai a hannu ta lalubo kan ɗa, tana tsokanarta: "Takwara, wannan tulun da kika ɗauko, ruwa ne ko mutum?"

Yarinyar ta zo da hoton cikin da aka ɗauka a asibiti. Ba ta miƙo mini ba, a kan gadona ta ajiye ta fita. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa, ban ga komai ba sai hadari. An ce wai namiji ne, kuma ya riga ya juya kansa ƙasa. Inna da tafin hannu take gane juyin, da kuma ganin ciki ya sauka, numfashi ya dawo wa mace, fitsari ya hana ta zama. Da za a nuna mata takardar nan, dariya za ta yi ko cewa za ta yi a kai ta ta ga na'urar? Wallahi ban sani ba.

Da cikin ya shiga wata takwas, sai ƙafafun suka haye, takalmi ya ƙi shiga. Maƙwabta suka yi ta kawo nasu. Wannan ta ce zaƙi ne ya taru, a jiƙa mata saiwa. Waccan ta ce alamar namiji ce, kowa ma haka ta yi. Na rasa ta wa zan kama. Ran nan da hantsi na ji tana cigiyar maganin ciwon kai, sai wata magana ta faɗo mini, wadda na taɓa jin Inna na gaya wa wata ina bakin murhu: "Kumburin ƙafa na ciki ne, kumburin fuska na mota ne." Ƙafafun yarinyar na san su sarai, don nan idona ke tsayawa. Fuskar fa?

Na ɗaga kai na dube ta. Idanun sun shige ciki, kumatun sun yi suntum, ban san tun yaushe ba. Wata guda muna gida ɗaya. Na ji haushin kaina ƙwarai, har yau ma ina ji.

Nan take muka nemi mota. A asibiti a Makarfi aka ce jininta ya hau sosai, aka ba ta gado. Likita ya ce idan bai sauka ba, za a cire ɗan kafin lokacinsa. Nan kaina ya sake kullewa, domin Inna ta sha faɗa cewa bakwaini na rayuwa, ɗan wata takwas ba ya yi. Malamar jinya ta ce ba haka ba ne, kowane mako da ɗa ya ƙara a ciki huhunsa na ƙara ƙwari, jikinsa na ƙara tsoka. Bakin da ya sa muka nemi mota shi ne ya faɗi wancan. Ta yaya zan ɗauki rabin Inna in ajiye rabi? An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ba a gaya mana yadda za mu yi ba in babban ya hango ba daidai ba.

Jiya da azahar, yarinyar na kallon bango, ta ce, "Umma, tun safe ban ji motsinsa ba." Na aika a kira malamar. Na waiga neman wadda za ta taɓa ta kafin a zo, babu kowa sai ni.

"Rakiya," na ce, "juya ta hagunki."

Ban taɓa furta sunan nan ba, ko don ita ko don mai shi. Na ɗora tafina inda nakan ga Inna na ɗorawa. Ban san kai ba, ban san ƙafa ba, ban gaji hannunta ba, ilminta kuma ban san wanne zan riƙe ba. Abin da na tabbata ta bari shi ne a dubi mace a fuska, a taɓa ta. Can sai wani abu ya shuri tafin hannuna da ƙarfi.

Inna, har yanzu ba mu san ranar haihuwar ba. Amma mutum ne, ba ruwa ba.