Jan Ɗigon Alidu

A unguwar Aboabo, in kwamfuta ta ƙi tashi, wurin Alidu ake kai ta. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma ya rubuta "Injiniya" a ƙofar da manyan baƙaƙe har rubutun ya ci bangon maƙwabci. Mutum ne mai hira da inji. Yana buɗe murfi sai ya ce, "To, Hajiya, me aka yi miki?" Ya kasa kunne ga kukan fanka, ya zare ram, ɗan siririn allon nan na cikin inji, ya goge da gefen riga, ya mayar. Sau da yawa iyakar ciwon ke nan, amma sai ya ɓata rai ya daɗe yana girgiza kai, don kada mai kaya ya raina aikin.

Bara, gab da azumi, hawan jini ya kayar da shi a ƙofar masallaci. Ya dawo daga asibiti hannun dama a shanye, harshe ya yi nauyi, hagun kuma rawa yake, ba ya riƙe sukudireba. Abokai suka ce ya saki shagon ya huta. Alidu kuwa in aka cire masa shagon nan, bai san sunan da zai amsa ba.

Da babban yatsan hagu ya shiga intanet ya yi odar tocilan ɗin leza, irin mai arha, siriri kamar biro, mai fitar da jan ɗigo. Masu tallar sun rantse haskensa na kaiwa wata. Da mai babur ya kawo, da ƙyar hasken yake kaiwa bango. To, bangon ma ya isa.

Matarsa Fusena, mai koko da ƙosai, ita ta zama hannunsa. In ta tashi kasuwar safe sai ta wanke man hannunta ta zauna gaban inji, shi yana kujera a gefe yana haska mata abin da za ta taɓa. Sunayen kayan sun ƙi zama a bakinta, sai ta raɗa nata. Ram ya koma kilishi.

"Baban Hikma, kilishin ne ko fankar? Tsayar da ɗigon nan mana, sai ka ce ya ji kiɗan biki."

Ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa. Masu kawo gyara suka ci gaba da gaishe shi da Injiniya, shi kuma yana amsawa da kai.

A hankali ya fara lura hannunta na riga ɗigon isa. Ya ce ko idonsa ne. Ranar da wani malamin makaranta daga Oforikrom ya kawo kwamfutar da ke mutuwa da kanta in ta yi zafi, Alidu ya san ƙura ce ta toshe fanka. Da gangan ya ɗora ɗigon kan ƙaramin batirin da ba ruwansa da maganar.

"To, na gani," in ji Fusena.

Ta ɗan juya masa baya, ta kwance fanka, ta hure ƙurar, ta ɗaure. Inji ya tashi lafiya lau.

"Injiniya za ka gode wa, Malam," ta ce wa mai kayan. "Ni 'yar aike ce."

Alidu ya karɓi godiyar, idonsa na kan bayanta. Bai san tun yaushe take yi masa wannan karar ba.

Washegari ya nuna mata ta fitar masa da kujera waje.

"Aikin fa? Ga guda biyu suna jira."

Ya daɗe yana kokawa da harshe kafin kalmar ta fito. "Batir. Ya mutu."

Ita ta sa wa tocilan ɗin sabon batir jiya da hannunta. Ta ɗauki kujerar ta ajiye a inuwa, ta gyara masa hula, ta koma ciki. Ya zauna yana fuskantar titi, yana jin ƙarar sukurori ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa cikin kwano.